Jajibirin Zuwan Masu Tantancewa

Ƙarfe tara na dare, jami'a ta yi tsit,
sai janareton sashen lissafi ke tari.
Ni kaɗai a ofishin sashen jinya,
da fayil goma sha bakwai,
da shayin da ya huce tun la'asar.
Gobe masu tantancewa za su sauka Gombe,
su ƙirga mu kamar buhunan wake a Tudun Hatsi:
malamai nawa, gadaje nawa,
ɗalibai nawa ke wuyan malami guda.

Na ƙirga. Na sake ƙirgawa.
Mu shida ne, in an haɗa da Bappayo,
wanda takardar ajiye aikinsa
ke ƙarƙashin kofina tun Litinin.

A ɗakin gwaji mutum-mutumin roba na kwance,
yara sun laƙaba masa Malam Haƙuri.
Allura dubu ta shiga damtsensa, bai ce uffan ba.
An yi masa wanka, an juya shi, an sa masa robar fitsari,
an danne ƙirjinsa har ya tsage,
muka liƙe da salatif.
Ɗalibi ɗari da ashirin, majinyaci ɗaya.

Ɗazu shugaban tsangaya ya leƙo:
"Hajiya, a aro gado huɗu daga asibiti,
da na'urar awon zuciya, jibi a mayar.
Ai kowa haka yake yi."
Na ce to,
irin to ɗin da ba ta wuce maƙogwaro.

Sai Sista Saraya 'yar Billiri ta faɗo mini,
wadda ta koya mini aiki ina shekara sha tara.
Ba ta da digiri. Agogo gare ta a ƙirji,
da ido mai gane zazzaɓi tun daga bakin ƙofa.
Ran da na rubuta bugun jinin da ban auna ba,
ba ta ɗaga murya ba. Ta karɓe biron,
ta ce, "Je ki gaya wa tsohon nan da bakinki
cewa kin ƙaga masa lafiya."
Har yau tafin ƙafata bai manta tsawon ɗakin ba.

Yanzu ni ce mai tsara manhaja.
Shekara biyar, zango goma:
sassan jiki, magunguna, ungozomanci, lafiyar al'umma,
kowane darasi da awanninsa.
Na bi jadawalin sama da ƙasa,
ban ga gurbin da zan saka Saraya ba.
Awa nawa ake ware wa riƙe hannun mai gargara?
Maki nawa ne faɗin "ban auna ba"?

Bara mun yaye talatin da ɗaya.
Sha huɗu sun dawo neman takardar sakamako,
za su ƙetare teku. Na sa hannu.
Ban ga laifinsu ba, na san albashin.
Amma Dudu tana can wani ƙauye bayan Nafaɗa,
ita kaɗai a ɗakin haihuwa,
da tocila a haƙori.
Ta kira ni da asuba:
"Malama, tagwaye ne, kuma duka suna kuka."
Na ajiye waya, na yi nawa.

Zanen aro dai ba ya rufe katara.
Kuma gadajen nan huɗu,
a daren nan akwai masu kwanciya a kansu.

Na kira direba:
"Malam Njidda, bar motar, je ka kwanta.
Ba abin da za mu ɗauko."

Gobe zan buɗe musu ɗakin yadda yake,
gado biyu, famfo mai ɗiga,
Malam Haƙuri da salatif ɗinsa.
In za su rage mana maki su rage,
a rubuta abin da aka auna.

Na biya ta ɗakin gwaji kafin in fita.
Na ja masa mayafi har ƙirji,
sabo ne kawai,
na kashe fitila.